A Wane Sahu Za a Sa Ahmed Musa?

Tun da Ahmed Musa ya ajiye rigar Nijeriya a shekarar 2025, gardama ba ta kwanta ba a majalisun samari, daga Birnin Kudu har Gwaram. Waɗansu na cewa ba a taɓa yin kamarsa ba, waɗansu na cewa gudu kawai gare shi. Duka ɓangarorin biyu sun yi azarɓaɓi.

Masu kushe suna da hujja. Marigayi Rashidi Yekini ya ci wa ƙasa ƙwallo 37, Musa kuwa bai kai rabin haka ba. Yekini ya zama gwarzon Afirka a 1993, Nwankwo Kanu ya zama a 1996 da 1999, Musa bai taɓa samun wannan kambi ba. Zamansa a Leicester ta Ingila kuma bai yi armashi ba.

Amma fa ranar wuya ake gane namiji. A gasar duniya ta 2014 ya jefa wa Ajantina biyu, a ta 2018 ya jefa wa Aisilan biyu, watau huɗu ke nan, abin da wani ɗan Nijeriya bai yi ba kafinsa. Yana cikin waɗanda suka ɗauko kofin Afirka a 2013. Ya kuma zarce wasa 101 da Joseph Yobo da Vincent Enyeama kowannensu ya buga wa ƙasa.

Akwai kuma abin da lissafi ba ya kamawa. A Kano Pillars ya yi suna, a 2021 kuma ya komo mata bayan ya ga duniya. Yaron Gwaram da ke buga tamaula ba takalmi ya ga shaida cewa daga nan gida hanya take farawa.

Saboda haka hukunci na adalci shi ne: a wajen cin ƙwallo Yekini ne liman, Musa kuwa yana sahun farko a bayansa. Lalle ne a faɗi haka tun yana da rai ya ji da kunnensa. Yekini ya rasu a 2012 cikin kaɗaici, sai bayan an rufe shi yabo ya yawaita. Yabon gwani ya zama dole, jinkirta shi kuwa butulci ne. Allah ya ji ƙan Rashidi.