Yaran Gubar Dalma Sun Isa Sakandare, Wa Ke Duban Su?

Ya ku 'yan'uwana talakawa, manoma da 'yan kasuwa na ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi, ku kasa kunne, yau maganar 'ya'yanmu na sakandare za mu yi. Kowa ya sani in an ba da hutu abin da ake tambayar yaro shi ne, na nawa ka zo? Ba mai tambayarsa ko yana samun abin karyawa, ko yana iya barci da dare, ko ma yana jin abin da malam ke faɗa. Ni kuwa na ce makarantar da ba ta san lafiyar yaro ba, ba ta da bakin tambayarsa sakamako.

Ga dalilina. A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Abare da Dareta da Sunke da Bagega da 'Yargalma. Dutsen zinariya ne ake kawowa gida a daka a niƙa, ƙura ta bi ƙasa da abinci, yara masu rarrafe su haɗiye. Likitocin ƙungiyar MSF sun yi wa dubban yara magani, an kankare ƙasar gidaje an zuba sabuwa, Bagega kuwa sai 2013 aka kai gare ta. To, amma magani dalmar da ke cikin jini yake ragewa, ba ya mayar da abin da ta riga ta ɓata a ƙwaƙwalwa. Tana rage saurin fahimta, tana hana yaro natsuwa, wani ma har jinsa take taɓawa.

Yanzu sai ku yi lissafi, ai ɗan kasuwa ba a koya masa ƙidaya. Yaron da aka haifa a Bagega a 2012 ya cika shekara 12 a 2024, lokacin shiga sakandare ke nan. Wanda aka haifa a 2008 ya cika 13 a 2021, shekarar da aka sace 'yan mata 279 a makarantar Jangebe, nan maƙwabtanmu ƙasar Talata Mafara, aka kuma kwashi yara 73 a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun, har Hukuma ta rufe makarantu. A watan Janairu na 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka kashe jama'a da yawa. A 2024 ruwa ya ci gidaje a Gummi. Yaron da ya ratso wannan masifa shi ne zai zauna a benci, a tambaye shi ya kasa amsawa, a ce masa daƙiƙi, a bi shi da bulala. Jama'a, wannan adalci ne? Ai an bar jaki ana dukan taiki.

Ba malamai nake zargi ba. Malamin da ba a taɓa gaya masa alamun wannan ciwo ba, yaya zai bambance malalaci da mara lafiya? Maganar tana wuyan masu mulki. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar duniya ta kare makarantu tun 2015, Gwamnatin Zamfara kuma ta sa dokar ta-ɓaci a kan ilmi a watan Nuwamba na 2023. Madalla. Amma fenti da sabon kwano ba su san yaron da ya zo da yunwa ba.

Saboda haka ga abin da muke nema. Na ɗaya, duk yaron da zai shiga sakandare a ƙasashen nan uku, ma'aikacin lafiya ya duba jinsa da ganinsa da jininsa, kyauta, a rubuta a ajiye a asirce. Na biyu, kowace makaranta ta sami malami guda mai sauraron damuwar yara, inda akwai 'yan mata kuma a sa malama. Na uku, yaron da aka ga karatu na yi masa nauyi a ajiye bulala, a matso da shi gaba, a ƙara masa lokaci, a koya masa sana'a tare da boko. Na huɗu, ruwan sha da makewayi da akwatin magani da abincin rana. Na biyar, katanga da masu gadi, da shirin da kowane yaro ya san inda zai nufa in an ji harbi.

Kada wani ya ce mana babu kuɗi. Makarantun da 'ya'yan manya ke zuwa suna da ɗakin shan magani da mai ba da shawara. Shin ɗan mai sayar da gishiri ba uwa ce ta haife shi ba?

Ku kuma iyaye, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ran da aka kira taron iyaye da malamai, ku bar wa yaro rumfa ku je. Ku gaya wa shugaban makaranta in ɗanku ya sha maganin dalma yana ƙarami, ba abin kunya ba ne. Ku tambayi kansila da ɗan majalisarku waɗannan abubuwa biyar, ku riƙe amsarsu har ranar da za su dawo neman ƙuri'a. In kunne ya ji, jiki ya tsira.