Dajin makaranta: A kafa kwamiti kafin a haƙa rami

Duk shekara idan damina ta kankama, makarantu da dama a Arewacin Najeriya kan yi bikin dashen itatuwa. Manyan baƙi su dasa, a ɗauki hotuna, a watse. Kafin zafin watan Afrilu ya wuce, da yawa daga cikin dashen ya bushe ko awaki sun cinye shi. Abin da ke kashe shi, galibi, shi ne rashin mutanen da aka ɗora wa alhakinsa da sunayensu.

Kalandar karatu kanta tana taimakawa wajen asarar. Ana dashe a Yuli da Agusta, daidai lokacin da ɗalibai ke tafiya dogon hutu. Ruwa ya ɗauke a Oktoba, a saki dabbobi bayan girbi, sannan a shiga rani na wata shida ko fiye. Idan kuma aka yi wa malamin da ya kawo shawarar canjin wurin aiki, shi ke nan, magana ta mutu.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane wannan. A jihar Minnesota ta Amurka, inda doka ta ba makarantu damar mallakar daji tun 1949, ana buƙatar makarantar da ke cikin shirin ta kafa kwamitin da zai kula da dajinta. A maƙwabta ma akwai darasi: manoman Maraɗi da Damagaram a Nijar sun farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin hekta kusan miliyan 5 tun daga shekarun 1980, kuma babban abin da ya ƙarfafa musu gwiwa shi ne sanin cewa amfanin itacen nasu ne.

Makarantun gwamnati a Najeriya suna da kwamitin gudanarwa na al'umma, wato SBMC, don haka ana iya kafa na daji a ƙarƙashinsa. Mutum bakwai zuwa tara sun isa: shugaban makaranta, malamin aikin gona ko na kimiyya, ɗalibai biyu, wakiliyar iyaye mata, mai unguwa, mai gadi da jami'in gandun daji na ƙaramar hukuma. Wanda bai kamata a manta da shi ba shi ne wakilin masu dabbobi, domin akuyar da za ta ci dashen tana da mai ita.

Aikin farko shi ne shata iyakar filin a rubuce, tunda cin filayen makarantu ya zama ruwan dare a birane. Sai shinge, sai jadawalin ban ruwa da ya haɗa da ranakun hutu. Wajen zaɓen iri, a fifita masu jure fari kamar gawo, aduwa, kurna, tsamiya, kuka da darbejiya. A kuma sa dajin cikin jadawalin darussa: ɗalibai su auna tsayin itace a darasin lissafi, su bincika dalilin da ya sa gawo ke zubar da ganye da damina, su tattaro sunayen itatuwa da amfaninsu daga bakin dattawa. Tun da wuri a rubuta yadda za a raba 'ya'yan itace da rassan da aka sassabe, don gudun rigima.

Wasu za su ce makarantar da ba ta da benci ba ta da lokacin daji, kuma kwamitoci kan koma wurin neman kuɗin zama. Maganar tana da ƙanshin gaskiya. Sai dai inda yara ke cunkushe a aji mai rufin kwano, inuwa ma aji ce. Kwamitin da ba ya biyan alawus, yake kuma karanta lissafinsa a taron iyaye, ba ya jan hankalin masu neman na kai.

Hukumar Babbar Katangar Itatuwa ta Ƙasa, wadda doka ta kafa a 2015 domin jihohi 11 da hamada ke barazana gare su, da ma'aikatun muhalli na jihohi, za su iya gindaya sharaɗi guda: kada a ba makaranta iri sai ta miƙa sunayen 'yan kwamitinta da jadawalin ban ruwa. Sannan a daina ƙirga itatuwa ranar biki, a koma ƙirga waɗanda suka rayu zuwa watan Mayu.