Wa Zai Tsaya wa Sabon Hannu?

A ranar 29 ga Maris, 2024, wani injiniyan kamfanin Microsoft mai suna Andres Freund ya sanar da cewa ya gano ɓoyayyiyar ƙofa a cikin XZ Utils, ƙaramar manhajar da ke matse fayil, wadda kusan duk na'urar da ke aiki da Linux ke ɗauke da ita. Jinkiri ne na kimanin rabin daƙiƙa wajen shiga wata na'ura daga nesa ya sa ya bi sawu. Wanda ya dasa ƙofar yana amfani da sunan Jia Tan. Tun 2021 yake aika ƙananan gyare-gyare cikin ladabi da ƙwazo, a lokacin da wasu sunaye ke matsa wa mai kula da manhajar, Lasse Collin, lamba a kan ya gaza, ya nemi mataimaki. Collin shi kaɗai yake riƙe da aikin, ba kuma biyansa ake yi ba. Daga ƙarshe ya ba baƙon ikon shigar da gyara da fitar da sabon zubi, aka cusa gubar a cikin zubi na 5.6.0 da 5.6.1.

Darasin da ya fi sauƙin ɗauka daga wannan labari shi ne a rufe ƙofa, a daina yarda da wanda ba a sani ba. Darasi ne na rago, kuma wanda zai biya kuɗinsa shi ne matashin da ke koyon rubuta manhaja a Gusau ko Tsafe ko Bungudu, wanda ba shi da takardar babban kamfani, bai taɓa halartar taro a Turai ba, babu kuma wanda ya san fuskarsa. Buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kowa ke da damar karanta rubutunta ya gyara ya rarraba, ita ce hanya mafi araha da irin wannan matashi ke da ita ta nuna gwanintarsa ga duniya ba tare da neman biza ba. Idan aka ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, to an yanke masa hukunci tun kafin ya rubuta layi ɗaya.

A dubi ma'aunin da ake yawan amfani da shi wajen gane mai gaskiya: yawan gyara, da daɗewa ana aiki babu yankewa, da saurin amsa saƙo. Jia Tan ya cika waɗannan sharuɗɗa duka, domin duk wanda ke bayansa yana da lokaci da lantarki da haƙuri. Ɗan Tsafe kuwa zai iya faɗuwa a dukkansu ba da laifinsa ba. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a faɗin Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka shafe makonni babu kira babu intanet. Duk wanda ya fara aiki a wata manhaja a lokacin, abin da mai kula da ita zai gani kawai shi ne mutum ya ɗauki aiki ya ɓace. Ma'aunin da ke wanke ɓarawo mai haƙuri, ya kuma kayar da mai gaskiyar da aka ɗauke wa wuta, bai cancanci a kira shi tsaro ba.

Masu cewa a miƙa mabuɗi ga duk wanda ya nema su ma ba su da gaskiya. A 2018 Dominic Tarr, wanda ya rubuta manhajar event-stream da ayyuka masu yawa ke jingine da ita, ya miƙa ta ga wani da ya nuna sha'awa, domin shi ya daina amfani da ita. Sabon mai riƙon ya saka wani rubutu da aka tsara don satar kuɗin Bitcoin daga masu amfani da jakar Copay. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. A duka labaran biyu abu guda ya faru: mutum ɗaya da ya gaji, babu mai duba aikinsa, ya miƙa mabuɗin gida baki ɗaya ga wanda babu mai tsaya masa.

Bahaushe ya daɗe da sanin maganin wannan matsala, sunansa lamuni. Falke baƙo da ya shigo gari da shanu ko goro yakan sauka ne a wurin maigida, shi ke haɗa shi da dillali, shi kuma ke tsaya masa idan ciniki ya zama na bashi. Idan aka samu matsala, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Haka yake a zaure: ɗalibi yana zama gaban malami littafi bayan littafi, sai malamin ya gamsu sannan ya ba shi ijaza, sunan malamin kuma ya shiga cikin salsalar ɗalibin. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo har littafi ya rubuta a kan malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Izini a wannan tsari yana zuwa ne daki-daki, kuma akwai mai suna da ya sa mutuncinsa a kai.

Abin mamaki, manyan ayyukan buɗaɗɗiyar manhaja da suka daɗe suna raye a kan wannan turba suke. A Debian, wanda Ian Murdock ya kafa a 1993, sabon hannu ba ya ɗora aikinsa da kansa. Wani tsohon hannu ne ke dubawa ya ɗora a madadinsa. Idan ya nuna riƙon amana, ana ba shi izini a kan takamaiman manhajojin da yake kula da su kaɗai. Kafin ya zama cikakken ɗan gida sai wani ya ba da shaida a kansa a fili, a kuma haɗa shi da wanda zai gwada iliminsa. A Gidauniyar Apache, kwamitin kowane aiki ne ke kaɗa ƙuri'a kafin a ba mutum ikon shigar da gyara. A ƙananan sassan Wikipedia, sau da yawa ikon gudanarwa na 'yan watanni ake bayarwa, sannan a sabunta.

To ina namu lamunin? A nan ne laifi ya dawo gida. Arewa ba ta rasa horo ba. Jami'ar Tarayya ta Gusau tana yaye ɗalibai tun bayan kafa ta a 2013, gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 da burin horar da mutum miliyan uku, ga kuma tarukan bita na kwana biyu da uku da ake rufewa da hoto da takardar shaida. Takardar shaida ba ta shigar da kowa cikin aiki. Matashi zai gama bita, ya buɗe shafi a GitHub, ya aika gyaransa na farko, ya jira wata guda babu amsa, ya haƙura. 'Yan Arewan da suka riga suka samu ikon duba aiki da shigar da shi, a Abuja suke ko Legas ko ƙasashen waje, su ne ya kamata a tambaya: mutum nawa kowannensu ya riƙe hannunsa har ya samu izini? Jawabi a taro yana da sauƙi. Zama a karanta rubutun yaro layi-layi, a nuna masa inda ya karkace ba tare da wulaƙanci ba, shi ne aikin da ake gudu.

Ƙirga kawuna kuma yana da haɗarinsa. A watan Oktoban 2020, shirin Hacktoberfest da a lokacin yake ba da riga ga wanda ya aika gyara huɗu ya jawo ambaliyar gyare-gyare marasa amfani, har masu kula da ayyuka suka yi kuka, aka sauya ƙa'ida. Duk shirin horon da ke auna nasararsa da yawan gyaran da aka aika yana koya wa yara ɓata wa masu kula lokaci ne, yana kuma ɓata sunan yankin da suka fito.

Akwai mai cewa lamuni a Najeriya ɗan uwan wa-ka-sani ne, kuma tsoron yana da tushe. Abin da ke raba su shi ne a yi komai a fili. A rubuta sharuɗɗan kowane mataki yadda kowa zai karanta: fara da fassara da gyaran bayani da tantance rahoton kurakurai, sannan ikon duba aikin wasu, sannan shigar da gyara a wani sashe, sai daga ƙarshe fitar da sabon zubi. Kada gyaran kowa ya shiga sai mutum na biyu ya duba, ko da na wanda ya kafa aikin ne. A rubuta sunan mai lamuni kusa da na wanda ya tsaya wa. Izini ya zama mai wa'adi, a janye shi idan an daina aiki, a mayar idan an dawo, domin wanda katsewar layi ko gudun hijira ya raba da kwamfuta kada ya fara daga tushe.

Abin da ke kan faranti ya wuce neman aiki. Ana tattara muryoyin Hausa a Common Voice na Mozilla, ana rubuta Wikipedia ta Hausa, masu bincike a Masakhane da HausaNLP suna gina bayanan da na'urori za su koyi harshen da su. Wanda ke da ikon karɓa ko ƙi shi ne ke yanke hukuncin ko furucin Bazamfare da kalmominsa Hausa ce ko kuskure. Idan babu ɗan Bungudu ko ɗaya a cikin masu wannan iko, wasu ne za su yanke masa, ko da kyakkyawar niyya suka yi.

Saboda haka duk ƙwararren da ke riƙe da mabuɗin wata manhaja ya zaɓi mutum biyu a bana, ya ware musu sa'a guda a mako, ya duba aikinsu, ya kuma sa sunansa a fili ranar da suka cancanci izini. Sassan kimiyyar kwamfuta a Gusau su karɓi gyaran da aka amince da shi a ainihin aiki a matsayin aikin kammala karatu. Masu shirya bita kuma su daina faɗin mutum nawa suka horar, su faɗi mutum nawa aka damƙa wa amana bayan shekara guda.