Ba Damina Ce Ta Toshe Lambatu Ba

'Yan'uwa ɗalibai, duk shekara idan damina ta kankama a birnin Kano, ruwa ya afka gidajen talakawa, katangu su zube, sai mu ji manya suna cewa ƙaddara ce. Mu ba ma musun ƙaddara, amma ba za mu yarda a jingina mata abin da hannuwanmu suka aikata ba. Ruwan sama a toshe yake tarar da lambatu, don haka yake neman hanya ta ɗakunan mutane.

Abubuwa uku ke kashe magudanar ruwa. Na farko maiƙo, wanda gidajen abinci ke kwararawa da zafinsa, in ya huce ya daskare a jikin kwalbati ya riƙa kama tarkace. Na biyu baƙin mai, wanda kanikawa ke juyewa a kwata bayan sun yi wa mota juye. Na uku yashi, wanda tifa ke jibge wa masu gini a bakin titi, ruwa ya kwashe shi, ya je ya kwanta inda gudunsa ya ragu. In ukun nan suka haɗu sai su zama dutse.

Kada wani ya raina lamarin. A Landan, a shekarar 2017, an tarar da curin maiƙo da tarkace mai nauyin tan 130 da tsawon mita 250 a magudanar ƙarƙashin unguwar Whitechapel, aka yi makonni ana farfasa shi. In birni mai kuɗi da injuna ya sha wannan wuya, ina ga mu da shebur da baro?

Kuma ɓarnar ba ta tsaya cikin gari ba. Kwatocin birni suna zuba a Jakara, ita kuma ta haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, su gangara madatsar ruwa ta Wasai. Da ruwan nan masu lambu ke shayar da latas da kabeji, a cikinsa masunta ke kamun kifi. Abin da muka zubar a kwata, shi ke dawo mana a akushi.

To mene ne magani? Ba yasar kwata ta ƙarshen wata kaɗai ba, wadda ake tara yashi a bakin lambatu a tafi, ruwan farko ya mayar da shi. Rigakafi ya fi magani. Ƙaramin rami ne na siminti mai shamaki a tsakiya: yashi ya nutse ƙasa, mai ya taso sama, ruwa ya bi ta ƙarƙashin shamakin ya wuce, a riƙa kwashe ramin a kai a kai. Ina tsadar wannan?

Saboda haka muna kira ga hukuma: kada a ba gareji, ko wurin wankin mota, ko babban gidan abinci izinin aiki sai an ga raminsa. A tara baƙin mai a duro. Mai gini ya killace yashinsa ko ya biya tara. A dawo wa duba-gari da ƙarfinsa, kuma ya fara da ƙofar attajiri kafin ya isa ga mai ƙosai. Mu ma ɗalibai, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba: mu fara leƙa bayan ɗakunan girkin makarantunmu, tun kafin hadari ya haɗo.