Horon da ke ceton uwa a ɗakin haihuwa ake yin sa

Zubar jini bayan haihuwa ba ya jiran kowa. Cikin awa biyu mace na iya cikawa, alhali daga ƙauyuka da dama na Dakoro ko Tanut tafiya zuwa babbar asibiti ta fi haka. Ke nan ranta, bayan ikon Allah, yana hannun ma'aikaciyar da ke tsaye a kanta a CSI.

Nijar ta riga ta ga amfanin horar da wannan hannu. Kimanin shekaru goma da suka wuce aka fara koya wa ma'aikatan lafiya na ƙasa baki ɗaya matakai uku. Da farko ƙwayar misoprostol. In jinin bai tsaya ba, a sa balan-balan cikin mahaifa a cika shi da ruwa ya danne inda jinin ke fita. Sai rigar da ke matse ƙafafu da ciki, ta mai da jini zuwa zuciya da ƙwaƙwalwa har a isa wurin tiyata. Binciken da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2023 ya nuna mutuwar mata ta dalilin wannan zubar jini a asibitocinmu ta ragu da fiye da rabi.

Duk da haka, har yanzu kuɗin horo da yawa a otel-otel na Yamai suke ƙarewa: jawabi, kuɗin zama, hoto, kowa ya watse. Wadda ke kwana ita kaɗai da masu naƙuda ba a cika gayyatarta ba.

Kamata ya yi masu horarwa su riƙa bin ma'aikata har wurin aikinsu, ana maimaita gwaji akai-akai, domin hannun da ba ya aiki mantuwa yake. Ɗaliban ENSP na Yamai da Damagaram kuma kada a ba su takardar shaida sai sun karɓi haihuwa da yawa a gaban ƙwararru. Waɗanda suka gama a ɗauke su aiki, a daina barin su shekaru suna aikin sa kai.

Ku kuma ƴan uwa da ke ci-rani a Libiya, Aljeriya, Kwaddebuwa ko Turai, ƙungiyoyinku na gina masallatai da rijiyoyi, Allah ya saka. Ku ƙara da ɗaukar nauyin karatun unguwarzoma ga yarinya ɗaya daga garinku. Ƴar gari ta san harshe, mata ba sa jin nauyinta, kuma ita ta fi zama in an turo ta gida.