Labarin Duniya: Amfanin zama a yi magana

A watan Oktoba na shekarar 1962, saura kaɗan duniya ta kama da wuta. Manyan ƙasashe biyu ne suka ja daga, Amurka da Rasha, wadda a lokacin ake kira Tarayyar Sobiyet. Kowace tana da bom na nukiliya, irin wanda guda ɗaya ke iya ƙone babban birni ƙurmus.

Ga mafarin rigimar. Rasha ta kai makamanta wani tsibiri mai suna Kuba, a bakin ƙofar Amurka. Tsakanin Kuba da Amurka bai kai nisan Maraɗi zuwa Damagaram ba. Amurka ta ce ba ta yarda ba, ta tare hanyar teku da jiragen yaƙi. Kwana 13 mutanen duniya suka yi cikin fargaba.

Shugaban Amurka Kenedi da shugaban Rasha Kurshof ba su daina aika wa juna takarda ba. Daga ƙarshe suka shirya. Rasha ta kwashe makamanta daga Kuba. Amurka ta yi alkawari ba za ta kai wa Kuba yaƙi ba, kuma ta janye nata makaman daga ƙasar Turkiyya. Kowa ya rage wani abu, kowa ya tsira da mutuncinsa.

Wannan tsoro ya koya musu hankali. A cikin rigimar, akwai saƙon da ya yi kusan awa 12 kafin a karɓe shi a fassara. A 1963 suka ja waya ta musamman tsakanin Washinton da Mosko, don in abu ya taso su aika wa juna saƙo kai tsaye nan da nan.

A watan Agusta na wannan shekara, Amurka da Rasha da Ingila suka sa hannu a kan wata yarjejeniya. Suka hana gwajin bom a cikin iska da cikin ruwa da sararin sama. Wannan magana ta shafi makiyayi. Ƙurar bom tana bin iska ta yi nisa, ta sauka a kan ciyawa. Saniya ta ci, dafin ya shiga nono, yaro ya sha. Faransa da Sin ba su sa hannu ba, amma gwaji a cikin iska ya ragu ƙwarai.

Akwai kuma aikin da suka yi tare, wanda amfaninsa ya iso har ƙauye. Tsofaffi ba su manta da agana ba. Ta kashe yara, ta makantar da wasu, ta bar wasu da zanzana. A 1958 Rasha ta kawo shawara gaban Hukumar Lafiya ta Duniya, a haɗa kai a kawar da ita. A 1967 aiki ya kankama. Rasha ta ba da maganin lamba mai yawa. Amurka ta aiko da likitoci da kayan aiki Afirka ta Yamma, har da Nijar. Ma'aikatan lafiya na ƙasa suka bi gari gari, kasuwa kasuwa, da mashekarin makiyaya. A 1980 aka yi shela cewa agana ta ƙare a duniya. Duk mai tabon lambar agana a damtse, shaidar wannan haɗin kai ce yake ɗauke da ita.

Ba a ce ƙasashen nan sun zama aminai ba. Gaba tana nan, makaman ma suna nan har yau. Yarjejeniyar rage makamai da suka ƙulla a 1987 ta rushe a 2019. Shiri kamar gona yake, in an bar shi ba noma sai ciyawa ta cinye shi.

Manomi da makiyayi sun san wannan. In dabba ta shiga gona, wanda ya ɗauki sanda ya jawo asara biyu. Wanda ya nufi ƙofar mai gari, a auna ɓarna a biya, gobe su gaisa a bakin rijiya. Masu bom ma, da wuri ya yi wuri, zama suka yi suka saurari juna.