KOGIN HAƊEJA: HAƘƘIN NA ƘASA A WUYAN NA SAMA

 

A shekarar 2022 ambaliyar ruwa ta halaka mutane fiye da 600 a Nijeriya, ta raba fiye da mutum miliyan guda da muhallansu, kuma Jihar Jigawa tana cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna. Garuruwa da ƙauyuka a yankunan Ringim da Miga da Auyo da Haɗeja da Kafin Hausa da Guri sun ga gonakinsu sun koma tafki, rumbuna sun faɗi, jama'a sun koma kwana a makarantu da gefen titi. Da aka tambayi hukumomi dalili, amsar da aka fi ji ita ce sauyin yanayi. Mu ba mu musanta wannan ba. Lalle damina ta canja hali, ruwan da a da yakan sauka cikin wata guda yanzu yakan zubo cikin kwana biyu ko uku. To amma muna tsoron kada wannan kalma ta zama bargon da za a riƙa lulluɓe sakacin da hannayen mutane suka aikata, domin akwai wani ɓangare babba na wannan musiba wanda ba daga sama ya faɗo ba, mu muka gina shi da kuɗinmu.

Domin a fahimci maganar, ya kamata a san yadda kogin yake. Kogin Kano da Kogin Calawa su ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. Shi kuma Kogin Jama'are daga tsaunukan Jos yake fitowa, ya ratsa ƙasar Bauci. Kogunan biyu suna watsuwa cikin fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru, sannan su tattaru kusa da Gashuwa su zama Kogin Yobe, wanda yake wucewa ta Gaidam da Damasak, ya bi iyakar Nijeriya da Nijar ta wajen Difa, har ya zuba a Tafkin Cadi. Ke nan manomin shinkafa a Kura, da masunci a Nguru, da makiyayi a Gaidam, da mai noman tattasai a Difa, duk daga ƙwarya ɗaya suke sha, ko da kuwa ba su san juna ba.

Kafin zuwan madatsun ruwa, wannan kogi yana da tsarinsa. Da damina yakan cika ya malale fadamun, a shekara mai albarka har faɗin da ruwa ke rufewa ya kai kimanin murabba'in kilomita 2,000. Mutane su shuka shinkafa a cikin ruwan, idan ya janye su shuka wake da sauran amfanin rani a kan laimar da ya bari, masunta su yi su, makiyaya su sauko da dabbobi, rijiyoyi su cika. Da rani kuma yawancin kogin yakan ƙafe, yashi ya fito. Sai aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka kafa hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, aka kammala madatsar Calawa a yankin Ƙaraye a 1992. Adalci ne mu faɗa cewa waɗannan ayyuka sun kawo alheri mai yawa: birnin Kano yana shan ruwansu, kuma shinkafa da tumatir da alkamar Kadawa da Kura sun ciyar da miliyoyin bayin Allah. Wanda ya musanta wannan ya yi butulci.

Sai dai kuma an sauya wa kogin ɗabi'arsa ba tare da an dubi waɗanda ke ƙasa ba. Ƙaƙƙarfar ambaliyar damina, wadda take wanke hanyoyin ruwa ta kwashe taɓo, an rage mata ƙarfi. Ruwan da ake saki da rani kuwa ya sa kogin ya daina ƙafewa, sai ya zama ruwa mai tafiyar hawainiya duk shekara. Wannan shi ne abin da ciyawar kacala take so. Ta yaɗu ta cika hanyoyin ruwa, taɓo ya taru a gindinta, har wasu rassan kogin kamar tsohon Kogin Haɗeja da Burum Gana suka toshe, yawancin ruwan ya karkata zuwa Marma ya nufi Nguru. Sakamakon haka, wasu garuruwa ruwa ya zauna musu a gona shekara da shekaru, wasu kuma da suka gaji noman fadama kaka da kakanni suna kallon busasshiyar ƙasa. Daɗin daɗawa, kacala ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye gero da shinkafa, ta zama matattarar sauro. Ranar da aka yi damina mai ƙarfi kuwa, ruwa ya zo ya tarar da hanyarsa a rufe, ina zai nufa in ba cikin gari ba?

Kada a ce ba a sani ba. Tun a farkon shekarun 1990 wasu masana tattalin arziki, cikinsu har da Edward Barbier, suka auna amfanin da ake samu daga noma da su da itace a fadamun Haɗeja da Nguru, suka gwada shi da abin da aikin noman rani na Kogin Kano yake samarwa, suka iske cewa idan aka yi lissafi da yawan ruwan da kowanne ke sha, fadama ta fi riba nesa ba kusa ba. A shekarar 2000 aka shigar da tafkin Nguru da hanyar ruwan Marma cikin jerin fadamun da duniya ta amince a kiyaye. A 2006 jihohi shida, wato Bauci da Barno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe, tare da Gwamnatin Tarayya, suka kafa asusun amana domin kula da wannan kogi, mai mazauni a Damaturu. A 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin gyaran manyan ayyukan noman rani wanda ya haɗa da na Kogin Kano da na kwarin Haɗeja. A watan Disamba na 2021 kuma bankin ya amince da dala miliyan 700 domin shirin da ake kira ACReSAL, wanda ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, da nufin farfaɗo da kadada miliyan guda ta ƙasar da ta lalace. Shirye-shirye dai ba su yi ƙaranci ba. Kuma ya kamata kowa ya sani cewa waɗannan kuɗaɗe rance ne, 'ya'yanmu da jikokinmu za su biya.

Abin da ya yi ƙaranci shi ne ƙa'ida tabbatacciya a kan haƙƙin na ƙasa, da kuma wanda za a kama idan aka tauye shi. A nan ne muke ganin muna da abin faɗa, domin malamanmu na fiƙihu sun daɗe da warware wannan mas'ala. Imam Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa hukuncin da Manzon Allah (SAW) ya yanke a kan wasu ƙoramu biyu na Madina, Mahzur da Muzainib, cewa na sama ya riƙe ruwa har ya kai idon sawu, sannan ya sake shi ga na ƙasa. Wato an ba na sama damar fara sha, amma an yanka masa iyaka wadda kowa zai iya aunawa da idonsa. Malaman mazhabarmu sun ƙara da wani sharaɗi mai muhimmanci: na sama yana samun wannan fifiko ne idan shi ya riga raya ƙasarsa. Idan kuwa na ƙasa ne ya riga, ba a barin wanda ya zo daga baya ya tare masa ruwa har shukarsa ta halaka. To, mu tambayi kanmu: tsakanin manoman fadamar Haɗeja da ƙasar Bade, da filayen Kadawa da aka share a shekarun 1970, wa ya riga wani?

Ba muna cewa a rushe Tiga ko a hana Kano ruwa ba ne, Allah Ya kiyaye. Muna cewa ne wanda ya tare kogi ya ɗauki amanar duk wanda ke ƙasa da shi, kuma wajibi ne a san idon sawun Tiga da Calawa a ina yake. Wannan ma'auni ne ya kamata a ɗora a kan maganar madatsar Kafin Zaki, wadda aka daɗe ana son ginawa a kan ruwan Jama'are, mutanen Yobe da Barno suna nuna tsoronsu. Tsoron nan nasu ba hassada ba ce, domin Jama'are shi ne babban reshen da ya rage ba a tare shi da babbar madatsa ba, kuma yawancin ruwan da ke isa Gashuwa daga gare shi yake.

Haka nan maganar yashe kogi. Alƙali Abu Yusuf ya bayyana wa Halifa Haruna Rashid a cikin littafinsa na Haraji cewa gyaran manyan koguna irin su Dijla da Furat yana kan baitulmali, ƙananan magudanan da mutane suka haƙa wa gonakinsu kuwa gyaransu yana kan masu su. Wannan yana nuna cewa yashe Kogin Haɗeja aiki ne na dindindin da ya kamata ya zauna a cikin kasafin kuɗin kowace shekara, ba wai a jira rance daga waje ko a jira gawawwaki su taso ba. Kacala ba ta san wa'adin kwangila ba. A yanke ta bana, ta tsiro baɗi. Ƙasar nan tana da asusun kula da muhalli tun 1981, amma a 2018 kotu ta ɗaure wani tsohon gwamnan Filato saboda karkatar da fiye da naira biliyan guda daga wannan asusu, kuma daga Filaton ne Kogin Jama'are yake fitowa. A ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Duk wanda ke zaune a ƙarƙashin wata madatsa yana da haƙƙin ya tambaya yaushe aka duba lafiyarta, kuma wa ya duba.

Saboda haka muna kira ga mahukunta da abubuwa huɗu. Na farko, a tsara jadawalin sakin ruwa daga Tiga da Calawa tare da wakilan manoma da masunta da makiyayan Jigawa da Yobe da Barno, a riƙa sanar da shi a gidajen rediyo da Hausa da Barbarci da Fulatanci da Badanci. Na biyu, a sanya yashe hanyoyin ruwa cikin kasafin kowace shekara, a fara daga inda masu ilmin kogin suka nuna, ba daga ƙauyen mai faɗa a ji ba. Na uku, kowace jiha ta bayyana abin da ta karɓa daga asusun muhalli da na ACReSAL, da sunan aikin da wurin da aka yi shi, yadda mutumin ƙauye zai iya zuwa ya gani da idonsa. Na huɗu, jihohin nan shida su cika alkawarin da suka ɗauka a 2006, su daina ɗaukar kogin kamar yana ƙarewa a kan iyakar jiha.

Mu ma talakawa muna da namu laifin, kuma rashin gaskiya ne mu ɓoye shi. A cikinmu akwai mai datse hanyar ruwa da buhunan yashi domin gonarsa ta sha, na bayansa ko oho. Akwai mai fasa gaɓar kogi da dare domin ya kawar da ruwa daga ƙauyensu ya tura shi ƙauyen maƙwabta. Akwai mai sare itatuwan bakin kogi ya yi noma har gaɓa, ƙasa ta zaizaye ta cika kogin. Hukuncin idon sawu bai tsaya a kan gwamnati kaɗai ba, ya hau kan duk wanda ruwa ya biyo ta gonarsa kafin ya kai ga ɗan'uwansa. Muna roƙon malamai da limamai su karantar da babin ruwa kamar yadda suke karantar da babin ciniki da na gado, matasanmu kuma su shiga gayyar yankan kacala da ƙauyukan bakin kogi suka daɗe suna yi da lauje da kwalekwale, su kuma nemi shiga kwamitocin da ake kafawa domin waɗannan shirye-shirye, su riƙa tambaya cikin ladabi da hujja.

Muna roƙon Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri, Ya kuma ba shugabanninmu ikon riƙe amana.